Kar Ka Jiƙa Tabar Nan, Auta

Auta! Kai Auta! Ji ni fa, ina ƙwala maka kira daga Yamai kamar kana bayan ɗaki kana wanke ƙafa, alhali kana can Tawa. To tunda murya ba ta kaiwa, bari in kira ka a takarda. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina baƙunta, ina aikin gadi, ina zafin garin? Allah ya tsare min kai dare da rana, ya raba ka da mai yi maka dariya da haƙora yana ɓoye wani abu a hammata. Amin.

Mashin ɗin rubutun babanka na fiddo daga akwati. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ba wanda ya taɓa shi, har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Da yatsa ɗaya nake bugawa kamar kaza na tsintar gero, in ka ga harafi ya hau kan ɗan'uwansa kar ka yi min dariya, iyakar abin da ya koya min ke nan. Ban je wurin masu rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, don abin da ka faɗa musu da hantsi, kafin azahar ya riga ka isa kasuwar Piti Marshe.

Kafin komai ka ji wannan. Ƙunshin tabar da na cusa maka a ƙasan buhunka, cikin shuɗin tsumma, kar ka jiƙa ta. Kar ka wanke Duna da ita. Na sani, ni ce da bakina na ce maka ranar da ruwan farko ya sauka kaska za ta taso, ka jiƙa tabar da kanwa ka wanke ɗan kwikwiyon nan tun daga kunne har wutsiya. Na janye maganata. Barsu ta mutu, Auta. Uwar Duna ta mutu a tsakar gidan nan, kuma ruwan tabar nan na yi mata wanka da shi.

Na san yadda za ka ji. Kai ka kwanto ta daga gindin bishiya a unguwar Filato lokacin da anasaran nan ya kama hanyar ƙasarsu bayan an karɓi mulki, ya bar ta ɗaure da kwanon ruwa busasshe. Ni kuwa na yi ta faɗa, na ce ba za a shigo min da kare gidan da ake salla ba. Kai ka yi mata wuri a bayan zaure, ka ce gadi za ta yi, ba kwana a ɗaki ba. Tun daga nan ɓarawo bai ƙara hauro mana katanga ba. Kuma kai ka faɗa min da bakinka, mai mangazar nan, ma'ajiyar kayan da kake tsaro, bai ɗauke ka gadi don faɗin ƙirjinka ba, don ka ce masa kana da kare ne. To in Duna ya mutu a hannunka, ka ga an rasa kare an rasa aiki. Shi ya sa nake zaune gaban mashin ɗin nan na bar tallar ganyen salati yau.

Bari in faɗa maka inda na yi kuskure, ɗaya bayan ɗaya, don kar ka bi sawuna.

Na farko, na ɗauki maganin shanu na ba kare. Can gida Dogon Dutsi, kakanka da ruwan taba yake wanke bijimansa in kaska ta dame su. Da idona na gani ina yarinya, kaskar na zubowa. A garkata, lambun nan nawa na Harobanda, ma da shi nake yayyafa wa salati, ƙwarin su mutu. Sai na ce abin da ya yi wa sa ya yi wa ganye, ai zai yi wa kare. Ban tsaya na ce sa nawa ne a jiki, karya nawa ce ba. Ban tuna kare na lasar jikinsa ba. Ban ma tambayi kaina ba, abin da ke kashe ƙwaro nan take, wa ya ce masa ya tsaya kan ƙwaro? Kai dai in wani ya ce maka haka muke yi a garinmu, ka tambaye shi wa kuke yi wa. Ko ni ce na faɗa.

Na biyu, na cika hannu. Ka san gashin Barsu, irin na karnukan anasara, kaska ta samu gida. Ranar nan na duba kunnenta na ga abin ya yi yawa, wasu sun ƙoshi sun yi kamar ƙwayar gujiya. Na ce ba sai na jira ruwa ba. Na je kasuwar Katako wurin mai tabar nan ɗan Maraɗi, na ce ya ba ni mai ƙarfi. Ya ce, "Hajiya, wannan ko tsohon soja ya tauna sai ya nemi wurin zama." Ni ba Hajiya ba ce, kuma duk mai kiran ka da sunan da ba naka ba akwai abin da yake so, amma na karɓa. Na zo na dafa ta, ban tsaya jiƙawa ba, na jefa kanwa don ta ƙara kaifi, ruwan ya yi baƙi kamar na rini. Kuma kafin in wanke ta sai da na cire manyan kaskar da hannu, duk inda na cire ya bar ɗan rauni. A kan raunin nan na zuba. Ta yi ƙara, na ce yi haƙuri, magani ne. Ta tsaya min, Auta. Da wani ne da ta cije shi. Ni ta tsaya wa.

Tsaya in sauke wake, yana ƙauri.

Na dawo. To ban gama wanke hannuna ba sai na ga tana zagaye tsakar gida, ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi. Miyau ya fara zuba, ba irin na zafi ba, dalala kamar yauƙin kuɓewa. Ta yi amai, ta sake, ta yi zawo. Sai jikinta ya kama makyarkyata, tana haki kamar ta yi tsere da mota. Can ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarta, tana jan gindi tana zuwa wurina.

Ni kuma a daidai lokacin sai jiri ya ɗebe ni. Zufa mai sanyi, zuciya na tashi, katanga na juyawa. Na dafa turmi na zauna. Me kake tsammani ya zo min a rai? Na ce an gama da mu. An yi mana abu, ni da karyar gaba ɗaya.

Kuskure na uku ke nan, kuma a nan na ƙara mata. Na rarrafa na jiƙa wata kanwar, na haɗa da nono, na buɗe bakinta na ɗura, wai in karya sammu. Tana shaƙewa ina ɗurawa. Ruwan tabar kuwa yana nan a gashinta, tana lasa, ban ko ɗauraye mata ba, ga randa cike kusa da ni. Auta, dabbar da ke makyarkyata ba a yi mata ɗure. Ka riƙe wannan.

Ihun da na yi ya tara mutane. Malam Garba tela na leƙowa ya ga miyau, ya ja da baya ya ce, "Innalillahi, haukan kare ne! Ku kawo sanda, ku janye yara!" Kafin ka ce me, maza sun cika zaure da itace. Na kwanta a kanta na ce wanda zai buge ta ya fara da ni. Malam Garba ya ce, "Inna, a kan kare?" Na ce, "A kan kare, Malam. Ranar da aka hauro shagonka aka kwashe yadin mutane, wa ya tashe ka? Limamin unguwa?"  Ba su buge ta ba. Ba a ma buƙata. Kafin la'asar ta miƙe ƙafa.

Wannan ma ka sani, in Duna ya taɓa zubar da miyau a gaban mutane, kar ka tsaya gardama a titi. Ka ɗauke shi ka shige ciki. A Tawa kai baƙo ne, ba wanda zai ji kunyarka ya sauke sanda.

Yanzu ga babban, wanda ya sa har yanzu ban san ko takardar nan za ta same ka ba.

Ka san Hamsatu maƙwabciyarmu ba ta taɓa son karyar nan ba. Tun ranar da ka sa mata suna Barsu ta ce da su ake, wai mu baƙi mun zo garinsu muna yi musu habaici da kare. Kuma ka san ɗanta Saini, abokinka, mai jan kamiyo, babbar motar katako. Kwanaki ya ce in Barsu ta ƙara yi masa fitsari a taya sai ya aika ta inda anasaranta ya tafi. Da dariya ya faɗa, amma na ajiye maganar. To da safen ranar, kafin in yi mata wankan, Saini ya biyo ta ƙofar gida ya ce, "Inna, ina kwana, ga na mutuniyar Auta," ya jefa mata ƙashi daga Piti Marshe. Mutumin da bai taɓa ba ta ko ɓawon gyaɗa ba! Ka ce in yi tunanin me?

Jirin na sakina na ɗaura gyale na nufi Katako. Na same shi a kan kamiyo suna loda katako, ga mutane cike, masu itace, masu abinci, masu turin kaya. Na tsaya na ce, "Saini, sauko ka faɗa min me ka sa a ƙashin nan."

Ya ce, "Wane ƙashi, Inna?"

Na ce, "Wanda ka kashe karyar abokinka da shi. Ka jira ya bar gari ko? Ni ma ka so ka haɗa da ni, Allah bai ba ka sa'a ba."

Wani mai katako ya ce, "Kai Saini, yanzu har karnuka kake bi?" Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sauko, ya cire hularsa, ya ce, "Inna, a gidanki na ci tuwo ina yaro. Ni?" Na ce, "Kai." Ya mai da hularsa ya hau mota. Ni kuwa na dawo gida ina jin na yi abin kai.

Auta, in zuciyarka ta nuna maka mutum, ka riƙe bakinka har ka kwana. Ban ce kar ka yi zargi ba, wanda ba ya zargi a garin mutane da wandonsa za a tafi. Amma zargi a ciki ake ajiye shi. Ka kai shi kasuwa, ba ka iya dawo da shi.

Saura ka ji. Ragowar ruwan tabar da ke cikin tukunya na kwarara a kwata. Kwatarmu kuwa ka san inda take bi, ta gindin katangar su Hamsatu, inda agwaginta ke wasa. Washegari sai ga kuka daga gidansu. Agwagi biyu sun mutu, ɗaya na jan ƙafa. Hamsatu ta fito ƙofar gida ta riƙe su ta wuya tana nuna wa unguwa, tana kiran Allah da Zabarmanci, tana cewa, "Irkoy! Ku gani! Ta ce ɗana ya kashe karenta, ta rama a kan agwagina!" Ni kuma daga cikin gida na ce a raina, ji makirci, ta kashe abinta da kanta don ta rufe na ɗanta. Wallahi haka na ce. Ka ga inda kai ke kai mutum.

Malam Garba ne ya matsa, ya ce tunda dabbobi na mutuwa a layi ɗaya, a je a faɗa wa lokotoro, likitan dabbobi, kar wata annoba ce ta shigo. Na je don in samu mai tsaya min, in ce ga guba an sa. Na tarar da wani yaro cikin farar riga, ba zai girme ka ba, irin waɗanda suka fito lakwal, makarantar boko, aka ba su kujerun anasara. Tun daga gani ban yarda da shi ba. Na ba shi labarin ƙashi tun daga farko. Ya bar ni na gama, sai ya ce, "Inna, me kika shafa mata a jiki?"

Na ce, "Wa ya ce maka na shafa mata wani abu?"

Ya ce, "Hannunki."

Na duba, ashe har gwiwar hannu fatata ta rine, farcena ja-ja. Na ce ruwan taba ne, na kaska, kuma ba shi ne zancen ba, zancen ƙashi muke.

Ya ce, "Da kanwa?"

Na ce da kanwa.

Ya ce, "Ke ba ki ji jiri ba ranar? Zuciyarki ba ta tashi ba?"

 Ban faɗa masa wannan ba, ban faɗa wa kowa ba sai Saini, shi ma a dunƙule. Na ce, "Kai ɗan wa ne a Yamai? Ka san su Hamsatu?" Ya yi dariya ya ce shi ɗan Gaya ne, bai san wata Hamsatu ba. Ya ce akwai dafi a cikin taba, shi ne abin da ke sa mai taunawa ya ji kansa ya yi sauƙi. Ya faɗi sunansa da Faransanci, nikotin. Ya ce ba sai an haɗiye ba, ta fata ma yana shiga, balle fata mai rauni, kuma kanwa hanya take ƙara buɗe masa. Ya ce ni babba ce, hannu kawai na tsoma, shi ya sa na tsaya a jiri. Ita kuwa duk jikinta aka jiƙa, ta kuma lasa. Ya ce ko shanun ma ana rasa su a haka, ba a dai lura ne. Na ce agwagin fa? Ya ce, "Ina kika zubar da sauran?"

 Na ɗauki gyalena.

Kar ka ce na yarda da shi duka. Har yanzu ina cewa me ya sa ranar nan kaɗai Saini ya kawo ƙashi. Kuma mai tabar nan na Katako, wa ya san abin da yake yayyafa wa ganyensa don ya yi nauyi? Kuma shi ɗan farar rigar, ai dole ya kushe namu don a je a karɓi nasu na cikin kwalba. Duk ina juya su. Amma na zauna na lissafa da kaina, ba da bakin kowa ba. Ni ban ci ƙashi ba, na yi jiri. Agwagi ba su ci ƙashi ba, sun mutu. Abin da ya taɓa mu duka, ni da Barsu da agwagi, tukunyar nan ce. Na so in samu wata hanya, ban samu ba.

Sai kuma na tuna wani abu. Ka tuna bara da Barsu ta yi ta amai da rawar jiki da rana tsaka, har na ce wani ya jefo mata abu ta katanga, na ƙi gaida Hamsatu har aka yi salla? Da na share aman na ga guntayen sigari a ciki, na ce iska ta kawo su. Iska! A bayan zaure, inda kake shimfiɗa tabarma kai da abokanka. Auta, kar ka ce min ba ka sha. Na wanke rigarka kafin ka tafi, na ji warin, na kuma tarar da alimeti, ashana cike, a aljihu, kai da ba ka hura wuta. Na yi shiru don kar mu rabu da faɗa. Shirun nan ma kuskure ne. Yanzu na faɗa. Ba zan ce ka bari don ni ba, na san ba ji za ka yi ba. Amma ɗan kwikwiyo komai ya gani a ƙasa baki yake kai wa. Lokotoron ya ce guntun da aka yar ya fi tara dafin, kuma ƙaramin kare ba ya buƙatar da yawa. Ga mangaza, masu dako na shiga suna fita, wannan ya tofar da tabar da ya tauna, wancan ya yar da guntu. Kafin ka kwance Duna, ka share wurin. In maigidanka na da kwanon tokar sigari, kar ya zauna a ƙasa. Garin tabar tsofaffi ma haka, in sun zo hira suka ajiye batta a kan tabarma, ka ɗaga ta sama.

Kaska kuwa, ka zauna ka cire da hannu, a hankali, ka jefa su cikin gwangwani da ɗan kananzir, su kaskar, ba karen ba. Ka wanke shi da sabulu da ruwa zalla. In ta fi ƙarfinka ka nemi ma'aikatar dabbobi ta Tawa, ka tambaya, kuma ka sa su faɗa maka sau biyu nawa ake zubawa, ka ce na kare kake so, ba na raƙumi ba. In Allah ya kiyaye ka ga miyau da amai da makyarkyata, in a jiki abin yake ka yi ta kwarara masa ruwa da sabulu har warin ya fita, ka hana shi lasa. Kar ka ba shi kanwa, kar ka yi masa ɗuren nono ko mai. Ka saɓa shi a kafaɗa ka ruga wurin lokotoro nan take. Abin ba ya jiran ka gama sallama da mutane. Kuma kar ka tsaya neman wanda ya yi maka. Lokacin da na ɓata ina neman wanda ya yi min, da randa na nufa da wataƙila yanzu tana kwance a zaure.

Tabar da ke buhunka kuma kar ka zubar inda dabba za ta kai. Kar ka ba kowa kyauta ya je ya yi abin da na yi. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne.

To yanzu ga inda nake. Masu zuwa daga gabas sun ce an yi ruwa a Dogon Dutsi. Nan ma jiya hadari ya haɗu ya watse. In ya sauka a Tawa, na san ka, abin da na ce shi za ka yi, ko ba ka so. Gidan waya ban yarda da su ba, takardar da na aika wa kawunka sai da aka yi girbi ta isa, kuma kai ba ka da akwati a gidan waya, sai ta bi ta hannun maigidanka ya buɗe ya ga uwar gardinsa ta kashe kare. Na zagaya tasha na tambaya. Motar da za ta Tawa kafin kasuwa mai zuwa guda ce, mai kai katako. Ka san ta wa ce.

Na kama kazata mai kwanci, wadda ka sani, na shiga gidan Hamsatu. Na yi sallama, ta amsa tana kallon tukunya. Na gaishe ta da yarensu na ce, "Fofo, Hamsatu." Ta ce, "Fofo," kamar an matso ta. Na ajiye kazar na ce agwaginki ruwan da na zubar ne ya kashe su, ban sani ba, ba ramuwa ba ce. Ta dubi kazar ta ce, "Wannan ba ta iyo." Na ce ba ta iyo amma tana ƙwai. Ta ce, "Ita ma kin yi mata wankan?"  Na ce ina da takarda zuwa wurin Auta, in ba ta isa kafin ruwa ba ɗan karen zai bi uwarsa, aikin yaron ya tafi.

Ta ce, "Yanzu kin yarda ki ba mai guba takardarki?"

Na ce, "Hamsatu, ki faɗa masa dai."

Ta ce, "Ni ba a gabana kika kira shi mai kisa ba, a Katako kika kira shi. Har yau yaran kasuwa in ya wuce haushi suke yi masa. Zan faɗa masa kina da takarda. Sauran maganar ke da shi." Ta kira jikarta ta ce a kai kazar ciki. Ta karɓa dai. Ban san ko karɓar yafiya ce ko ta biyan bashi ba.

Yau su Saini za su tashi bayan azahar. Tun safe nake kasa kunne. Na ji kamiyo ya wuce ta babban titi ɗazu, gabana ya faɗi, ban san ko shi ne ba. Ina ta saƙawa, ko ya tafi bai biyo ba. Ko ya biyo ya karɓa da fara'a, in sun kai Doso ya yaga ya watsar ta taga. Ko ya kawo maka, amma ya fara ba ka nasa labarin. In ya ba ka, ka saurare shi, abin da zai ce na yi na yi. Kar ka ɓata da shi a kaina. Abokin da kuka yi iyo tare a bakin kogin Isa tun kuna tsirara ba a samun sa a Tawa. Amma ka duba ko Duna zai yarda ya shinshine shi, ni dai a sani.

Ka riƙe salla. Ka ci abinci mai zafi, kar ka ci na hannun wanda ya cika yabon ka. Kar ka faɗa wa kowa inda kake kwana a cikin mangazar, ka riƙa sauya wuri. Ka gaida maigidanka in ya cancanta. Allah ya kare ka daga ƙarfe da wuta da bakin mutane, ya kare ka daga shawarar da ba a auna ba, ko daga wa ta fito. Allah ya riƙe ruwan nan a sama har takardata ta sauka a hannunka. Allah ya raya Duna, ya sa ya yi halin uwarsa, ya dawo min da kai da ƙafafunka, ya sa

Tsaya. Ana buga ƙofa.

Ba Malam Garba ba ne, shi tafi yake yi. Wannan da ƙarfe ake buga kwanon ƙofar, makullin mota ne. Auta, shi ne. Ga shi yana cewa, "Inna, in takardar ta yi ki kawo, mota na kan titi." Inna ya ce. Ka ji, Inna ya ce.

Zan manne bakin takardar da ƙaro, in ka ga alamar an buɗe ka, a'a, bar shi. Ko ya buɗe ya karanta. Duk abin da ke ciki na riga na faɗa masa a gaban jama'a, sai abu ɗaya, cewa ba shi ya kashe ta ba, ni ce, shi kuma yanzu zan faɗa masa a zaure kafin in miƙa.

Kar ka jiƙa tabar nan. Ina zuwa, Saini, kar ka tafi, bari in zare takardar daga